Motar da Ta Yi Daidai da Sawun Amalanke

Asabar ce, da hantsi, a tsakiyar watan Agusta, 'yan shekaru da suka wuce. Mu uku ne a ƙofar gidana a Wudil: ni, da maiɗakina da ta leƙo daga zaure, da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda sana'arsa sayar da motoci 'yan Kwatano a Kano. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe sosai, kuma haka muke so, domin ranar gwaji ce. Motoci biyu ne a gindin darbejiya. Ɗaya ya sa an kawo tun jiya da yamma, ɗaya ya tuƙo da kansa.

Ga abin da ya kawo gwajin. Mahaifiyata, wadda duk muke kira Inna, tana zaune a ƙauyenmu da ke bayan Achika. Hawan jini da ciwon gwiwa sun sa dole ta ga likita a Wudil kowane wata. Na yi na yi ta dawo gari, ta ce a ɗakin da aka kawo ta za a fitar da ita. Daga kwalta zuwa ƙofar gidanta akwai jar hanya mai kwazazzabai, sannan wata siririyar turba tsakanin gonaki, wadda in ba jif ba babu motar da ke shiga da damina. Babur kuwa bayanta ba ya ɗauka. Tsohuwar jif ɗina da ta daɗe tana wannan aiki injinta ya buga a farkon damina, bakanike ya duba ya ce in haƙura da ita. Ranar ganin likita ta watan Yuli ta wuce Inna ba ta zo ba. Na aika mata da magani, amma likitan ya ce shi yana son ya auna ta da hannunsa, domin awon ƙarshe bai gamsar da shi ba. Ban yi niyyar barin ta Agusta ma ta wuce ba.

Babbar motar ruwan toka ce, doguwa mai faɗi, kuma kamfaninsu ɗaya da tsohuwata. Shi ne kamfanin motar da mahaifina ya riƙe har ya rasu, shi ne na yayana, shi ne na kusan duk wanda na sani yana shiga daji. A gidanmu ba a taɓa zama an yi shawara a kan haka ba. Idan aka ce mota, ana nufin tasu ne. Ƙaramar kuwa fara ce, gajera, mai kusurwoyi kamar akwatin ƙarfe, ta wani kamfani da ban taɓa riƙe sitiyarinsa ba. Na ga irinta ne a hannun wani malami a jami'a, inda nake koyar da 'yan darussa tun bayan da na bar gidan rediyo, na yi ta mamakin yadda take hawa tudun yashi ba tare da ta yi nishi ba. Wannan mamakin kaɗai ya sa na ce a kawo ta.

"Bawana, ga mota," in ji taubashina, ya dafa babbar. Sannan ya nuna ƙaramar da baki. "Ga kuma abin wasan yara. Na kawo ta ne don kada ka je ka karanta a labaran duniya cewa ban ba ka zaɓi ba."

"Na daina karanta labarai," na ce masa. "Kuma ban san ranar da bawa ya fara kiran ubangidansa bawa ba."

Maiɗakina ta zagaya ƙaramar sau ɗaya, ta leƙa bayanta. "Idan aka sa buhun gero a nan, mu a ina za mu zauna?"

"A kan buhun, amarya," ya ce. Shekara da shekaru da aurenmu, har yau amarya yake ce mata.

Muka tashi, ina gaba a babbar, yana bina a ƙaramar. Abin da na fara yi shi ne kashe rediyo. Wanda ya yi shekaru a ɗakin watsa shiri yana koyon sauraron abin da ke ƙarƙashin murya, ƙarar fanka ko motsin takarda, kuma wannan ɗabi'a ta bi ni har cikin mota. Babbar ba ta da abin saurare da yawa. Injinta yana can nesa kamar a gidan maƙwabta. Kujerar ta karɓe ni, sanyi yana fitowa ta ko'ina, ramukan kwalta ina ganinsu amma ba na jinsu. Muka wuce masu gasa masara a bakin titi, da motocin da suka kwana da shanun kasuwar jiya, muka sauka jar hanya.

A nan muka riƙa musanye. In tuƙa wannan zuwa wata tsamiya, in sauka in karɓi waccan. Ƙaramar ta bambanta da komai da na saba. Tana jin kowane dutse, ta gaya wa ƙuguna. Iska tana shigowa ta gefen gilashi da ɗan fito. Injinta ƙarami ne mai surutu, amma surutun daidai yake, babu inda yake sarƙewa. Da muka zo kwazazzabon da ruwa ya cika da taɓo, na saka giyar taimako, wadda ke sa tayoyi huɗun duka su ja, a kowace na gwada. Babbar ta ratsa da nauyinta, ta ture taɓon gefe biyu. Ƙaramar ba ta nutse ba ma balle ta ture wani abu, ta bi ta sama tana 'yan tsalle-tsalle kamar ɗan akuya. Duka sun haye. Idan da a nan gwajin ya ƙare, da babbar na saya, domin a raina ma na riga na saye ta. Da muka iso bakin turba, ita na shiga ba tare da tunani ba.

Turbar sawu biyu ce da ciyawa a tsakiya. A watan Agusta gero yakan fi rufin mota tsawo, ya rufe hagu da dama, mutum ya riƙa tafiya kamar a cikin lungu. Na san ƙarar wurin sarai: ganye yana shafar ƙarfe, shuu, shuu, daga farko har ƙarshe. Ita na fara ji. Da muka shiga kashin ƙarshe, inda turbar ke bin gefen wata doguwar gona kafin gidaje, sai wata ƙara ta shigo ƙarƙashin ta farko, daga dama, ƙasa-ƙasa. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Ba ta daina ba. Na taka birki na fito.

Tayar hagu tana cikin sawu daidai. Ta dama ba ta cikin nata. Tana kan kunya, kunyar farko ta gonar, kuma a bayan motar, iyakar ganina, layin gero ne kwance a ƙasa, da waken da aka shuka a tsakaninsa. Geron ya fitar da kai, ya fara ido. Na tsuguna na duba da kyau, domin abin ya fi ba ni mamaki a kan tsoro a wannan lokacin. Na bi turbar nan da tsohuwar motata damina bayan damina, ban taɓa karya kara ɗaya ba.

Taubashina ya fito daga ƙaramar ya zo ya tsaya a kaina. Na leƙa inda ya tsayar da ita. Tayoyinta duka suna cikin sawu, har da ɗan sarari.

"Ci gaba mana," ya ce. "Kara ne, ba mutum ka taka ba."

"Ka san gonar wa ce?"

Ya duba gabas, ya duba yamma, ya gane. "Af. Ta Baba ce."

Baba maƙwabcin Inna ne, katanga ɗaya. Ba danginmu ba ne, amma tare suka taso da mahaifina. Matan gidansa ke ɗebo wa Inna ruwa, su daka mata, idan jikinta ya motsa ɗaya daga cikinsu ta kwana a ɗakinta. Komawa da baya ya kai ci gaba nisa. Idan na daidaita motar a tsakiya, sai ta ci gona biyu maimakon ɗaya. Na shiga na ci gaba a hankali, ƙarar tana bina har muka fita fili.

Inna tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi taubashina uwarsa da ciwon idonta, ta ce masa ya yi ƙiba. Sannan ta ce a kama ta, ta ga abin da ya cika mata ƙofar gida da yara. Ban ce mata komai game da geron ba tukuna. Ina neman yadda zan fara.

Babbar tana da matakala a ƙasan ƙofa. Inna ta taka, ta kama maɗauri, ta zauna ba tare da wahala ba. Ta shafa kujerar, ta shafa gaban motar, sanyin ya bugi fuskarta ta lumshe ido.

"Wannan ai ɗaki ce," ta ce. "Saura randa."

"Akwai inda ake sanyaya ruwa, Inna," in ji taubashina, ya buɗe mata wani ɗan akwati a tsakanin kujeru.

"To shi ke nan, ku kwashe mini kayana ku zuba."

Ƙaramar ba ta da matakala, kuma bakin ƙofarta yana da tsayi. Inna ta ɗaga ƙafa, ta sauke. Ta juya ta gwada da ɗayar, gwiwar ta ƙi. Ta tsaya tana kallon motar kamar mai kallon rijiyar da guga bai kai ba.

"Wannan ta masu gwiwa ce," ta ce.

Taubashina ya dube ni ya buɗe hannuwa. A ganinsa ciniki ya faɗa.

Muka sha fura, muka yi azahar a masallacin unguwa. Baba bai zo jam'i ba, aka ce yana gona. Mun dawo mun zauna a zaure ke nan sai muka ji sallamarsa. Ya shigo da dami a ka, dattijo mai farin gemu, ƙafafunsa duk taɓo. Ya sauke damin a gefen ƙofa, ya ba mu hannu, ya zauna a bakin tabarma.

"Sannunku da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina ruwa, Baba?"

"Ruwa ya yi gyara. Yaya mutan Wudil? Yaya yaran? Yaya makaranta? Shi kuma Alhaji, yaya kasuwa?"

Haka muka yi ta yi, ya tambaya mu amsa, mu tambaya ya amsa, har aka zagayo kan gajiya karo na biyu. Duk wannan lokaci idona yana kan damin. Karan gero ne ɗanye shar, an jera kawunan gefe ɗaya, an ɗaure shi tsaf da igiyar kaba a wuri biyu, irin ɗaurin da ake yi wa amfanin da za a kai rumbu. A jikin wasu karan akwai zanen taya.

"Ga ɗan abin da na samo wa awakin Hajiya," ya ce, yana nufin Inna. "Na ga ciyawarsu ta yi ƙasa."

Babu wanda ke yanke gero mai ido a watan Agusta don awaki. Shi ya sani, ni na sani, Inna da ke jin mu daga tsakar gida ita ma ta sani.

"Baba," na ce, "wallahi motar ce ta fi hanyar faɗi, ban lura ba sai da..."

"Haba, ɗana. Wace mota? Hanya ai ta kowa ce." Ya juya ga taubashina. "Ita ce babbar nan ta waje? Kai, ta yi kyau. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya."

"Baba, a bar ni in yi wani abu a kan ɓarnar."

"Ɓarnar me? Ni ban ga ɓarna ba." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Ubanka ya taɓa kwana uku yana taya ni kashe gobara a rumbu. Ka gaida mutan gida."

Ya leƙa ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ya fita. Na daɗe ina juya abin da ya faru. Da wurin mai unguwa ya kai ƙara, da an zo an duba kunyar, an yanke abin da za a yanke, magana ta mutu a ranar. Da faɗa ya yi, da na ba shi haƙuri. Shi kuwa sai ya tsince karan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, ya ɗauko a kansa ya kawo kyauta. Bai bar mini ƙofar da zan bi in biya ba, kuma bai bar mini damar in yi kamar ban gani ba.

Inna ta ce a shigo mata da damin. Aka ajiye a gabanta. Ta zaro kai ɗaya, ta murza shi a tafin hannu, ta duba ɗanyar ƙwayar da ta fito.

"Saura kaɗan ya nuna," ta ce. Ta ɗago ta dube ni. "Kai wata-wata kake zuwa. Ni kullum ina nan."

"Inna, ai abin da ya karye ya riga ya karye," in ji taubashina. "Ko ta sake bi, kan wanda ya kwanta za ta bi. Ba sabuwar ɓarna."

"Bana ke nan. Baɗi fa? Ko ya shuka ku taka, ko ya bar kunyar babu shuka saboda ni, duk wanda ya wuce ya san dalili. Kai da kake sayar da mota, gonar taku da ke Darki kunya nawa ka bar wa masu wucewa?"

Taubashina ya sosa ƙeya. "Inna, ni wa ya kawo ni cikin maganar nan?"

"Kai ka kawo motar." Ta mayar da kan geron cikin damin. "Ɗaki ce mai kyau. Amma ba zan shiga motar da za ta sa a riƙa kawo mini dami ba. Gara in zauna da jinina yadda yake."

Ba ta ɗaga murya ba. Na san ta, na san maganar ta zauna.

Abin da bai bar ni ba shi ne tambayar da na taso da ita daga turba. Me ya sa tsohuwar ta shige, wannan ta ƙi, alhali suna ɗaya ne a goshinsu? Na zari kara mafi tsawo daga damin na fita. A gindin wata bishiyar kuka kusa da masallaci akwai amalanken shanu a ajiye. Na ɗora karan daga tsakiyar tayarsa ɗaya zuwa tsakiyar ɗayar, na karya shi daidai nan. Na taka zuwa bakin turba na ɗora shi a kan sawun biyu. Ya zauna kamar don shi aka yi. Na dawo na gwada a ƙaramar mota, karan ya ɗan fi ta da 'yan yatsu. Na gwada a babbar, ya gaza da taƙi guda har da ɗoriya. Taƙin nan shi ne kunyar Baba.

Daga nan na tsuguna na leƙa ƙarƙashin amalanken, abin da ban taɓa yi ba duk da na girma ina hawansa. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyinsa ba na amalanke ba ne. Ƙafafun bayan mota ne, da tulun nan nasu a tsakiya, an yi musu walda a jikin katako.

"Yau kuma me ake nema a ƙarƙashin amalanke?" in ji taubashina daga bayana. "Ko shi za ka saya? Sai in nemo maka bijimai."

"Zo ka gani. Wannan ba na mota ba ne?"

Ya leƙa. "Na mota ne mana. Mu muke sayar musu. Duk motar da ta mutu, masu walda ƙafafun baya suke fara tambaya. Wannan ma ta girme ni a sana'a."

To, a nan na gane. Ba wanda ya taɓa auna turbar nan. Amalanke ne ya yanka ta, yana kai taki gona da rani, yana kwaso amfani da kaka. Amalanken kuma yana tafiya ne a kan ƙafafun motocin zamanin iyayenmu. Kowace damina manomi yakan yi huɗa har bakin sawu, ba ya barin ko tafin hannu, domin ƙasar gado ce da aka raba aka sake rabawa. Ke nan faɗin hanyar gidan Inna faɗin motocin da suka mutu tuntuni ne, waɗanda shanu ke ja yanzu. Tsohuwar jif ɗina 'yar wancan zamani ce. Kamfanin ya riƙe sunan, yana ta ƙara wa motar jiki shekara bayan shekara, don titunan wasu ƙasashe da mutanen da ba su taɓa jin labarin kunya ba. Na gaya wa taubashina haka. Ya ce da na rubuta, da ya saurara a rediyo, amma shi yanzu damuwarsa yadda za a fitar da motarsa.

Gaskiyarsa. Babu wata hanyar fita sai wadda muka shigo. Muka yi sallama da Inna bayan la'asar. Ya tuƙa babbar, ni ina gabansa a ƙasa ina tafiya da baya, ina nuna masa da hannu ya ɗora tayar a kan layin da ya riga ya kwanta. Mun naɗe madubai. A tsakiyar gonar muka tarar da Baba da fartanya, yana ɗaga karan da suka sunkuya ba su karye ba, yana tara musu ƙasa a gindi. Ya matsa cikin gero ya ba mu wuri, ya ɗaga mana hannu. Da muka kai ƙarshe na koma da ƙafa na ɗauko ƙaramar.

Ban yanke shawara a ranar ba, kuma ba zan ce ƙaramar ta shiga raina nan take ba. Taubashina ya bar mini ita na mako guda. Na kai ta wurin bakanikena, ya buɗe gabanta ya tsaya yana kallo, hannuwansa a baya.

"Malam, ni ba na son motar da sai na yi waya Kano kafin in taɓa ta," ya ce. "Irin tsohuwarka kuwa ko a ƙauyen Ɗankaza ta tsaya, za ka sami mai kayanta."

Yayana ya kira ni daga Kaduna ya ce ya ji ina shirin barin motar gidanmu, ko lafiya. A jami'a wani abokin aiki ya tambaye ni ko ɗiyata na saya wa. Na sa taubashina ya nemo mini irin tsohuwata, ta wancan zamani. Ya samo biyu, na je na saurari injinsu, duka sun gaji kamar wadda na rabu da ita. Shi kuma bai daina kawo hujja ba. Ya ce da an yi girbi turbar za ta buɗe, wata uku ne ko huɗu kawai na matsi. Na ce masa a waɗannan watannin ne kaɗai nake buƙatar jif, sauran shekara ko motar haya tana kaiwa. Ya ce to in sayi kunyar daga hannun Baba. Na kai wa Inna wannan magana ta waya, ta ce idan na tambaya ba zai iya cewa a'a ba, kuma saboda haka ne ba zan tambaya ba.

A cikin makon na riƙa fita da ƙaramar da yamma, ina koyon halinta. Ba ta son gudu. Idan babbar mota ta wuce ta a kan gada, sai ta ɗan girgiza. Giyarta gajeru ne, hannu ba ya hutawa. Amma na lura duk inda na ga sawun amalanke ya sauka daga titi ya shiga gonaki, ina iya bin sa ba tare da na tsaya lissafi ba, kuma na bi da yawa don kawai in ga inda suke ƙarewa. Ɗaya ya kai ni bakin kogi wurin masu ɗiban yashi, wani ya kai ni wata ruga da ban san da ita ba.

Saura matsalar hawa. Maiɗakina ce ta warware ta ba tare da ta ɗauke ta a bakin komai ba. Tana tankaɗe a tsakar gida ina ba ta labarin gwiwar Inna, sai ta tashi daga kan kujerar tsugunno da take zaune, ta tura mini ita da ƙafa.

"Gwada wannan," ta ce. "Amma ka sayo mini wata."

Na kira taubashina na ce ya zo ya kawo takardun ƙaramar. Ya ce zai gaya wa dangi cewa shi ya yi iya ƙoƙarinsa.

Ranar ganin likita na fita da sassafe. Da na shiga turba na sauke gilashi duka biyu na kasa kunne. Shuu, shuu, ganye a jikin ƙarfe, babu wani abu a ƙarƙashinsa har na fita fili. Matan gidan Baba biyu suka fito da Inna, ɗaya riƙe da hannunta, ɗaya da jakar magungunanta. Na ajiye kujerar a bakin ƙofar mota. Inna ta dube ta, ta dube ni.

"Kujerar matarka ce wannan."

"Ta ba ki aro."

Ta taka kujerar, ta taka bakin ƙofa, ta juya ta zauna. Ta ɗan yi nishi, ta gyara mayafi. Ta shafa gaban motar kamar yadda ta shafa na waccan.

Baba yana zaune a dakalin ƙofar gidansa yana gyara ƙotar fartanya. Ya taso muka gaisa, gajiya da ruwa da mutan Wudil, har ƙarshe. Sannan ya zagaya motar a hankali. Ya tsaya a baya ya dubi tayoyin, ya dubi inda sawunsu ya fito daga turba.

"Wannan kuma ta wa ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Ina babbar?"

"Ta koma Kano."

"Ayya," ya ce. "Ga ta da kyau kuwa." Ya leƙa ta taga. "Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. A sauka lafiya."

A hanya Inna ta yi ƙorafin kwazazzabo, ta ce motar tana tankaɗe ta kamar gari, ta tambaya ko ita ma tana da wurin sanyaya ruwa. Na ce babu. Ta ce ta sani, tambaya kawai ta yi.

Likita ya auna ta a ranar, ya sauya mata ɗaya daga cikin magungunan. Ba ta sake tsallake wata ba a wannan damina. Kujerar tsugunno tana bayan kujerar direba har yanzu, kuma da damina ta zagayo Baba ya yi huɗarsa har bakin sawu, ya shuka gero da wake a kunyar farko kamar kowace shekara.